Faɗuwar Gaba In Ta Zarce, Ciwo Ce Mai Magani

'Ya'yana, na shafe shekaru masu yawa ina aikin jinya a sashen da mutane ba sa son a gan su suna shiga, wato sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Kafin likita ya iso, ni ce mai karɓar kati, ni ce mai gwada hawan jini, kuma sau da yawa ni ake fara buɗe wa ciki. Abin da na gani a kan bencin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami yau. Na ga samari da 'yan mata sa'anninku, masu hankali da ladabi, sun iso bayan sun sha wahalar shekara biyu ko uku a kan ciwon da watanni kaɗan suka isa a shawo kansa da an zo da wuri. Kusan dukkansu hanya ɗaya suka biyo, kuma ramuka iri ɗaya suka faɗa. Ramukan nan nake so in nuna muku, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ba na mantawa da wani saurayi ɗan jami'a da ya shigo riƙe da leda cike da takardun gwaji. An yi masa gwajin taifot ya fi a ƙirga, an ba shi maganin olsa, an ɗauki hoton ƙirjinsa, an auna bugun zuciyarsa, ko'ina aka ce lafiya lau. Shi kuwa ya san ba lafiya ba. Yana zaune a aji sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, zufa ta keto masa, yatsu su yi sanyi, ya tabbatar wa kansa ajali ne ya zo. Bayan 'yan mintoci abin ya lafa, ya bar shi a galabaice yana zullumin yaushe zai dawo. A gida aka ce jifa ne, abokai suka ce raki ne. Ranar da likita ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masa ciwon nan sananne ne, yana da suna, kuma ana warkewa, yaron nan ya sunkuyar da kai ya yi kuka. Tun da abin ya fara, ranar ce aka fara yarda da shi.

Ku fara da sanin cewa tsoro ba aibi ba ne. Allah ya halicce mu da shi domin tsaron ranmu. In ka ga maciji a zaure, ko ka ji ƙarar bindiga, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa yakan yi shela, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini ƙafafu da hannuwa, numfashi ya ƙaru, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Duk wannan shiri ne na gudu ko kare kai. Haɗari na wucewa, jiki ya koma daidai. Faɗuwar gaban daren jarrabawa, ko ta ranar da za a kai amarya ɗakinta, duk daga nan suke, kuma ba ciwo ba ne. Ciwo yana farawa ne lokacin da maigadi ya riƙa hura usur dare da rana alhali babu ɓarawo. Ma'auni uku ne za ku riƙe: abin ya daɗe, ya fi ƙarfin dalilinsa, kuma ya fara hana mutum karatu, sana'a, barci ko shiga jama'a.

Cutar fargaba kala-kala ce. Akwai mai zullumi a kan komai, yau lafiyar iyaye, gobe kuɗin makaranta, jibi abin da bai ma faru ba, kusan kullum har tsawon wata shida ko fiye, ga wuya da kafaɗu a ɗaure, ga barci ya ƙaurace. Akwai mai firgita ta farat ɗaya irin ta saurayin nan. Akwai wanda tsoron idon jama'a ya hana shi ɗaga hannu a aji ko cin abinci a gaban baƙi. Akwai mai tsoron abu guda, allura, ko jini, ko hawa bene. Akwai kuma wanda ya ga tashin hankali da idonsa, harin 'yan bindiga ko haɗarin mota, abin ya riƙa dawo masa a farke da cikin mafarki. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wannan lalura, abin da ya sa ta fi kowace lalurar ƙwaƙwalwa yawa a duniya. Ta fi kama mata, tana yawan farawa tun ƙuruciya ko tashen balaga, kuma kusan mutum ɗaya ne kacal cikin huɗu ke samun magani. Saboda haka in kana cikinsu, ba kai kaɗai ba ne, ɗana. Ke ma haka, 'yata.

Rami na farko shi ne shiru. Saurayi yana tsoron a ce ba namiji ba ne. Budurwa tana tsoron magana ta fita, manema su janye, a ce gidansu akwai taɓin hankali. Na fahimci wannan tsoron, amma ku ji daga bakin wadda ta ga duka biyun: fargaba daban, hauka daban. Mai fargaba yana cikin hayyacinsa sarai, kuma sanin da yake yi wa halin da yake ciki shi ne ma yake ƙara masa azaba. Shirun kuwa ba ya rage komai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Fargabar da aka danne shekara da shekaru takan jawo ƙanwarta, wato ciwon baƙin ciki mai tsanani, sai aiki ya zama biyu.

Abin da ya fi rufe bakin yaranmu shi ne a ce musu rashin tawakkali ne. Wannan magana tana min ciwo, domin a kan bencin nan na ga mahaddata Alƙur'ani, na ga masu tsayuwar dare, na ga masu zuwa coci kowane mako. Ciwon bai tambaye su ibadarsu ba, kamar yadda hawan jini da ciwon suga ba sa tambaya. Malaman Musulunci na farko ma ba su ɗauke shi raunin imani ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa a yankin Balkh da ke Afganistan ta yau, ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya lissafa tsoro da firgita da wasiwasi cikin cututtukan da ake yi wa magani, ya ba da shawarar a saba wa mai tsoro da abin da yake tsoro sannu a hankali, a kuma taimake shi ya gyara tunaninsa. Yau sama da shekara 1,000 ke nan. A nan gida Najeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jinyar ƙauye a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marar lafiya ke zama cikin jama'a tare da danginsa, ba a raba shi da al'adarsa ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ku riƙe azkar ɗinku, ku nemi addu'ar iyaye, sannan ku je wurin likita. Abin da nake roƙonku ku guje masa shi ne duk wanda zai dake ku, ko ya ɗaure ku, ko ya turnuƙe ku da hayaƙi, ko ya ce ku zubar da maganin asibiti, ko ya nuna muku wata gwaggo ko maƙwabciya ya ce ita ta yi muku sammu. Na ga zumuncin da ya tsinke a kan ciwon da ƙwaya ɗaya a rana da zaman tattaunawa suka warkar daga baya.

Rami na biyu shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci. Wani ya dage cewa ciwon zuciya ne, ya ƙarar da kuɗinsa a ɗakunan gwaji. Wani kuma ya kalli ɗan bidiyo a waya ya ce ai fargaba ce, ya ƙi zuwa asibiti, alhali wani ciwon ne daban. Dukansu sun yi kuskure, domin akwai cututtukan jiki masu sa rigar fargaba. Tsokar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da rawar hannu da zufa da rama. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin 'yan matanmu da masu ciki, yakan kawo haki da jiri. Haka faɗuwar suga, da asma, da rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa likitan kirki yakan fara da jiki: ya auna, ya saurari ƙirji, ya sa a gwada jini in da buƙata. Duk wanda ciwon ƙirji ya kama karon farko, ko ya suma, asibiti zai nufa a ranar.

In jiki ya fita lafiya, sai a zauna a yi magana. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna fargaba. Da tambaya da sauraro ake gano ta. Za a tambaye ka yaushe ta fara, me ke tayar da ita, me ta hana ka yi, yaya barci, ko akwai mai irinta a dangi. Wataƙila a ba ka wata takarda mai tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7, wadda aka fitar a 2006. Tana tambayar yadda ka ji cikin makonni biyu da suka wuce, makinta daga 0 zuwa 21 ne, kuma wanda ya kai 10 ana ƙara bincikarsa. Rariya ce ta tacewa, hukunci na likita ne. A nan fa, ɗana, kada ka ɓoye komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗi yawan goron da kake ci, da shayin majalisa mai kauri, da kofi, da lemukan ƙara kuzari da kake sha don karatun dare, domin dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai tayar da bugun zuciya. In kana taɓa wiwi ko ƙwaya, faɗa. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma sirrinka amana ce a wuyansa.

Rami na uku shi ne wanda ya fi cinye mana yara: kemis ɗin bakin layi. Mutum ya kwana uku bai runtsa ba, aboki ya ce akwai wata 'yar ƙwaya. Ya sha Valium ko Lexotan, cikin ɗan lokaci jiki ya saki, barci ya zo, ya ce ya samu magani. Waɗannan ƙwayoyi magunguna ne na gaske, amma likitoci ba sa son a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shansu, domin jiki yana sabawa. Ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Ranar da aka rasa, fargabar ta dawo ta ninka ta da, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya yanke farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wasu kuma tiramol ko kodin suke kamawa, kuma haɗa waɗannan da ƙwayoyin barci yana iya tsayar da numfashi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a 2017 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin yaran da na yi jinya ba neman maye ya kai su ba, neman barci da kwanciyar hankali ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In ka riga ka shiga, kada kunya ta hana ka zuwa, kuma kada ka daina da kanka. Akwai yadda likita ke rage ta kaɗan-kaɗan har a rabu lafiya.

Rami na huɗu ba a ganinsa da wuri, domin kama da dabara yake yi. Shi ne gudu. Saurayin da na ba ku labari ya fara da zama kusa da ƙofar aji. Daga nan ya daina shiga ajin. Ya daina hawa motar haya, ya daina zuwa masallacin Juma'a saboda cunkoso. Duk gudun da ya yi yakan ji sauƙi a ranar, amma ƙwaƙwalwarsa tana ƙara gaskata cewa da ya tsaya da ya mutu. Haka duniyarsa ta yi ta tsukewa har ta koma ɗaki ɗaya.

Maganin wannan shi ne jinyar tattaunawa da likitoci ke taƙaita sunanta da CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara ta a shekarun 1960, kuma tana cikin hanyoyin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu a kan fargaba. Kada ku ɗauka hira ce kawai ko ba da haƙuri. Aiki ne mai tsari, yawanci zaman awa guda a mako, sau 12 zuwa 15 ko makamancin haka, kuma ana ba da aikin gida. Ana koya maka ka kama tunanin da ke zuwa kafin gaba ya faɗi, ka rubuta shi, ka tuhume shi kamar yadda alƙali ke tuhumar shaida. Sau nawa zuciya ta ce maka yau za ka mutu? Sau nawa hakan ta faru? Ana nuna maka cewa jiri da sanyin yatsu daga saurin numfashi suke, kuma firgitar takan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ta sauka da kanta. Ana koya maka jan numfashi a hankali. Sannan a zo ga babban aikin, wato komawa wuraren da ka guje wa, mataki-mataki. Yaron nan ya fara da masallacin unguwa a sahun baya. Da ya saba, ya matsa tsakiya. Sai motar haya tafiyar tasha ɗaya tare da ƙaninsa, sai shi kaɗai. Gabansa ya faɗi a kowane mataki, ya tsaya bai gudu ba, har jikinsa ya gane babu kura a wurin. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma abin da aka koya a wannan jinya yana zama tare da mutum bayan an sallame shi.

Rami na biyar yana jiran wanda ya riga ya iso asibiti, shi ne gajen haƙuri da magani. In fargaba ta yi nauyi, ko tattaunawa kaɗai ba ta wadatar ba, ko babu mai yin ta a kusa, likita yakan rubuta magani daga rukunin da ake kira SSRI, irin su satralin da fuluwozetin. Ba sa sa maye, kuma ba irin ƙwayoyin barcin da na ambata ba ne. Sai dai ba Panadol ba ne da za a sha yanzu a ji sauƙi an jima. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a fara ganin canji, kuma a kwanakin farko wani yakan ji tashin zuciya, ko ciwon kai, ko ma fargabar ta ɗan ƙaru kafin ta sauka. A nan ne da yawa ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Wasu kuma sai sun ji garau bayan wata biyu su daina, ciwo ya dawo. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha wata shida zuwa shekara guda bayan an samu sauƙi, sannan likita ya janye shi a hankali. In wani bai yi ba, akwai wani. In ya taɓa maka sha'awar iyali, wanda yakan faru, faɗa wa likita, akwai gyara. 'Yata, in kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina shirin ɗauka, sanar da shi tun farko. In azumi ya zo, a tambaya a mayar da shan maganin lokacin sahur ko buɗa-baki, kada a ajiye shi wata guda. Kada a haɗa shi da tiramol, haɗin yana da haɗari. Kuma kada ka ba abokinka naka don ciwonku ya yi kama.

Akwai magana ɗaya da ba zan sassauta ba. Masu ƙasa da shekara 25 ana sa musu ido sosai a makonnin farko na shan irin wannan magani, domin kaɗan daga cikinsu tunanin cutar da kai yakan taso musu. Ko kana shan magani ko ba ka sha, in ka ji rayuwa ta ishe ka har kana tunanin rabuwa da ita, kada ka kwana da wannan kai kaɗai. Faɗa wa wani babba da ka yarda da shi, a kai ka asibiti a ranar. Wannan tunani alamar ciwo ce, kuma yana wucewa in an yi jinya.

Ku taimaki maganin da abin da ke hannunku. Ku riƙa tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ko buga ƙwallo, ku tsayar da lokacin kwanciya, ku ajiye waya in dare ya yi, ku daina kallon bidiyon gawarwaki da ake turowa a WhatsApp, ku rage goro da shayi. Waɗannan ba za su maye gurbin likita ba, amma suna sauƙaƙa masa aiki.

Na san za ku ce ina za a je. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Duk da haka ƙofofi suna nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos duk suna da wannan sashe, haka ma babban asibitin ƙasa da ke Yamai a Nijar. In waɗannan sun yi nisa, a fara da likitan babban asibitin da ke kusa, domin shi ma yana iya fara jinya ko ya tura ka gaba. Tun watan Janairun 2023 kuma Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da haƙƙin marar lafiya.

Kai kuma da Allah ya ba lafiya, in abokinka ko ƙanwarka ta ce gabanta na faɗuwa ba dalili, kada ka ce ta cire abin a ranta. Da yana ciruwa da ta daɗe da cirewa. Ka saurare ta, ka yarda da ita, ka raka ta asibiti, ka riƙe sirrinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saurayin nan mai ledar takardu ya yi jinyarsa, ya koma aji, ya kammala karatunsa. Ba shi kaɗai ba ne, irinsa na gani da yawa, kuma abin da ya raba su da waɗanda suka daɗe cikin wahala shi ne ranar da suka buɗe baki. Ɗana, 'yata, in abin da na bayyana ya yi kama da halin da kuke ciki, kada wannan mako ya ƙare ba ku faɗa wa wani ba. Ku je a duba ku, ku faɗi gaskiya duka, ku bi jinyar har ƙarshenta. Allah ya ba ku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa ku fi mu.